Jan Hancin Roba

A wata rumfar gyaran rediyo kusa da Dutsen Uhudu a Madina, Sharfuddeen ya goge kan rakodar baƙonsa da auduga karo na uku, amma waƙar ba ta gyaru ba.

"Ya Hajj, ta lalace. Tauna maganar take yi."

"Lafiyarta ƙalau," in ji baƙon, wani direba daga Yanbu. "Maɓalli kawai na ce ka gyara. Injiniyan Jamus da nake tuƙawa ya ba ni kaset ɗin. Makaɗan garinsu ne, masu jita."

"Wannan Jamusanci ne?"

"Yaren garinsu ne. Bajamushen wani gari ma da ya ji, cewa ya yi in kai ta gyara. Amma ranar bikinsu, mutum dubu ashirin ke taruwa, har alƙali, kowa da jan hancin roba, suna amshi. Kaka da jika duk sun haddace."

"Kaka da jika? Yare ɗaya?"

"Wallahi."

Sharfuddeen ya leƙa cikin gida ya kira 'yarsa da Hausa, yaren iyayensa. "Sakinatu, kawo wa baƙo shayi!"

"Esh, ya baba?" ta tambaya da Larabci, don ba ta gane abin da ya ce ba.

Ya ajiye audugar a hankali. "Malam, hancin nan a ina ake sayar da shi?"