Homework ɗin Nabil

A wurin jiran bas na unguwar Plumstead a Landan, wata matashiya ta yi ta satar kallon Hajiya Karimatu, har dai ta kasa daurewa.

"Mama, ina wuni. Ba ke ce kakar Nabil ba? Ni ce Fauziyya, malamarsu ta ajin Hausa na ranar Asabar."

"Lafiya lau. Ashe ke ce mai koyar da yara da waya."

"Wajen 'yan Tamil muka gani, Mama, mutanen kudancin Indiya, hall ɗaya muke haya da su. Da waƙoƙin fim da TikTok suke koyarwa, bakin yaransu kuwa ya buɗe."

"'Yata, a aji na tsufa a Zariya, ban taɓa ganin allo mai cin caji ba. Harshe a gida ake shan sa. Nabil ɗin da in na yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, yanzu kullum bayan la'asar yana flat ɗina, yana tambayata labarin ƙuruciyata. Jini ne ya motsa, ba waya ba."

"Ai homework ɗin ke nan, Mama, kowa ya ɗauki bidiyon kakarsa tana magana. A guntun da ya nuna min na san fuskarki. Asabar ɗin nan za su yi submitting, an gama ke nan."

Hajiya ta tuna wayar da yaron yake jinginawa a jikin flas ɗin shayi. Ta dubi titi, ta gyara mayafinta.

"Hausarsa fa da saura," ta ce. "Ni malama ce, na sani. Ki kayar da shi, ya sake."