Zakara Mai Tukku

A tashar Isa, Mairama ta kasa ɗauke ido daga ƙwaryar matar da ke gefenta. Ƙwai ne shuɗɗa a ciki, nata farare kuwa ba mai kallo.

"Baiwar Allah, shuni kinka sa musu?"

"Wane shuni? Fasa ki gani, har cikin ɓawon. Wani zakara na saya bara, duk ɗiyanshi mata irin wannan ƙwan suke yi. Mutanen Kamarawa har roƙona suke."

"Mai tukku? Mai ɗingishi?"

"Kin san shi?"

Mairama ta rufe kwandonta. "Ƙanena ya kawo min shi daga Sakkwato. Na ce muni gare shi, na kai kasuwa."

Ta kau da kai.

"Ƙwan ma ba wani kyau." Can ta sake leƙa ƙwaryar. "Suna ƙyanƙyashewa?"