Gwiwar da Ta Ƙi Durƙusawa

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Ɗanladi maɗinki daga Tudun Kaya, ƙasar Karaye.

Bara jaki ya kayar da ni, ƙoƙon gwiwata ya fashe. Likita Bature a Kano ya ɗaure ƙashin da waya, ya ce in rauni ya warke in riƙa lanƙwasa ƙafar kullum. Da na dawo gida Inna ta ce, "Wa ya taɓa motsa ɗori? Kwanta!" Na kwanta. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwa ta sandare. Yanzu a tsaye nake gaida surukina, yana kau da kai.

Jama'a, wanda ya san dabara don Allah ya aiko. So nake in sake yin sujada kamar kowa.