Wanda Ya Ja Layin

A rumfar jiran kwalekwale a garin Savusavu da ke bakin teku, wata dattijuwa mai kwandon ƙaguwa ta leƙa taswirar da ke hannun mutumin da ke kusa da ita.

"Ɗana, wannan jan layin fa?"

"Inda aka hana kamun kifi ne, Inna, na shekara biyar. Ruwan teku na ƙara zafi, murjanin ƙarƙashin ruwa da kifi ke fakewa a ciki na mutuwa. In aka bar wurin ya huta, kifi zai hayayyafa."

"Ai garinmu ne. Wanda ya ja layin nan bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Ya haɗa har da taɓon da mu mata muke kama ƙaguwa. Yanzu sai mun yi tafiyar awa biyu, ga gwiwa ba lafiya."

"Amma an yi taro, dattawa sun yarda."

"Maza suka yarda, suna zaune suna shan jiƙon yaqona na gargajiya. Su da ke fita can tsakiyar teku, ina ruwansu? Mu muna madafa muna yi wa baƙon da ya kira taron girki. Ƙaguwa shida ya cinye, bai tambayi inda aka kamo su ba."

Mutumin ya daɗe yana naɗe taswirar.

"Ni ne baƙon, Inna. Ni na ja layin."

Ta jawo ganyen ayaba ta rufe kwandon.

"Waɗannan ma daga cikin layin na kamo su. Kuma ni ce mai yi wa jikokina faɗa kada su shiga."

"Ran Laraba zan zo garinku. Za ki tara mini matan?"

"Zan tara su. Kada dai ka ce ka gan ni da kwando."