An Tsinci Ɗaya a Tashar Progreso

Doña Eulogia Chablé na jiran mota a tashar Progreso, wani gari na bakin teku, da kwando a cinya, wani saurayi mai kwat yana karanta mujalla kusa da ita.

"Iya, kin ji? Wai mutanen Maya, tsohuwar ƙabilar ƙasar nan, sun bar biranensu sun ɓace ɓat, kamar jiragen da teku ke haɗiyewa."

"Kai ɗan nan, kada ka haɗa! Ɓacewa a teku ni na san ta. Shekara sha tara da mijina ya fita kamun kifi, ko filafilinsa ba a gani ba. Duk bikin ciyar da matattu sai na ajiye masa kwanonsa. Shi ne ya ɓace. Mu mutanen Maya kuwa ga mu."

"Ni ɗan birni ne, ban san waɗannan al'adun ba." Ya shaƙi ƙamshin kwandon. "Amma wainar masarar nan a rami aka gasa ta, ba a tanda ba."

"Wa ya koya wa hancinka?"

Ya naɗe mujallar. "Kakata."

Ta gutsuro babba ta miƙa masa. "Ungo, ci. Ka gaya wa masu mujallar an tsinci ɗan Maya ɗaya a tasha."