Ranar da Na Auna Mutum da Bindigar Mijina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyaye da 'ya'ya, maza da mata. Salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ni ce Saratu, wadda kuke kira Kakar Lami. Ban yi boko ba, surukata Hannatu ce ke rubuta wannan, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Waɗanda suke wurin a ranar da zan ba ku labari, ga su: ni, da Hannatu, wadda kuka sani da aikin karɓar haihuwa a asibiti, da jikata Lami, lokacin tana shekara uku. Sai wani manomi daga Birnin Tudu mai suna Nomau, da matarsa Hajo. Ɗana na fari, Baban Lami, direban katafila a aikin dam, sai da yamma ya iso. Duk suna da rai, kuna iya tambayarsu.

Abin da Ubangiji ya fisshe ni daga ciki ba ciwo ba ne. Tsoro ne. Kuma saura kaɗan tsoron nan ya sa in ɗauki jini a hannuna.

Kun tuna lokacin da manoma suka tare hanyoyin dam saboda gonakinsu da aikin ya cinye. Ban ce ba su da gaskiya ba. Ni ma 'yar manoma ce daga kudancin Katsina, na san abin da gona take ga mutum. Amma ɗana ne ke kan katafilar da ke baje ƙasa, yana ture tsamiya da goriba, kuma kowa ya san fuskarsa. Ranar kasuwa in na je sayen daddawa, sai in ji ana magana, da na matso sai a yi tsit. Wata mai kayan miya ta ce mini, "Gwaggo, ki ce wa ɗanki ya riƙa sauya hanya." Ban san ko tausayi ne ko kashedi ba. Na koma gida.

Tun daga ranar na mai da gidanmu kamar bariki. Na ɗaure wa kowa ƙunshinsa: zane biyu, ƙuli-ƙuli, garin gero, ashana a cikin gwangwani. Na cika gora uku da ruwa na jera a bayan ƙofa. Na tokare ƙofar zaure da turmi da kututture. Na kafa doka, na ce in na buga tasa sau biyu, Hannatu ta ɗauki yarinya su shige ƙarƙashin gado. Sau nawa na buga tasar nan don gwaji! Hannatu kuwa kun gan ta, ba ƙaramar mace ba ce, kullum sai ƙafafunta sun leƙo waje.

Ta ce, "Inna, wannan gadon ba zai ɓoye ni ba fa."

Na ce, "Ki rage cin tuwo, zai ɓoye ki."

Muna zuwa sujada, ina rera waƙa tare da ku, amma idona na kan taga. Fasto yana wa'azi, ni ina ƙirga ƙofofin fita. Ban gaya wa kowa ba.

Akwai bindigar toka ta marigayi mijina. Maharbi ne, shekara da shekaru ni ke daka masa albarushi, ni ke kallon yadda yake ɗuri, har hannuna ya iya. Da muka taso zuwa Mafara na naɗo ta cikin tabarma. Baban Lami ya ce, "Inna, ki bar ta a bayan randa, kada wanda ya taɓa. In an gan ki da ita, mu duka za a kwashe." Na ce to. Amma wata Talata na samo albarushi a wurin wani maƙeri, na haɗa da guntayen ƙusa. Na jira ya tafi aiki, Hannatu ta shiga wanka, na zuba, na daddaƙa, na mayar da ita inda take. Na yi wa ɗana ƙarya da shiruna, ina faɗa a gabanku.

Sai ranar da abin ya yi tsanani. Kwana biyu Baban Lami bai dawo ba, an ce hanya ba ta biyuwa, ma'aikata suna can cikin yadin kamfani. Gari ya yi shiru kamar an share. Ba mota, ba mai talla. Hannatu ma ba ta fita aiki ba. Kowane maƙwabci da labarinsa, wannan ya ce an ƙona mota, wancan ya ce ana bin gidajen masu aikin dam ɗaya bayan ɗaya. Ban ga ko ɗaya da idona ba, amma na gaskata duka.

Bayan la'asar aka buga ƙofar zaure.

"Salamu alaikum. Halan nan na gidan mai tuƙin katafila?"

'Yan'uwa, ku ji wannan. Maganar da nake jira wata da watanni ke nan, ga ta an faɗe ta da muryar mutumin ƙauye. Bai ce gidan wane ba. Gidan mai tuƙin katafila ya ce!

Hannatu ta raɗa mini, "Inna, a amsa mana. Ko mara lafiya ne."

Na ce, "Mara lafiya direba yake nema? Shige!" Na buga tasa, ta ja Lami suka shiga ɗaki.

Ya sake sallama. Ya yi ta uku. Na yi shiru. Sai na ji takunsa yana bin jikin gida, yana zagayawa baya, inda babu katanga sai darnin kara. Na jawo bindigar daga bayan randa, na durƙusa a gefen rumbu, na ɗora bakinta a kan murhu, na ɗana. Tsakanina da darnin bai fi taku goma ba.

Sai ga tsinin wuƙa ya ɓullo ta tsakanin kara. Yana yanke igiyar da aka ɗaure darnin da ita. Ya yanke ta sama. Ya yanke ta tsakiya. Ina ganin farin rigarsa ta ramukan kara, na san daidai inda ƙirjinsa yake. Yatsana yana kan kunamar bindigar.

Na ce bari in yi addu'a tukuna. Kun san me na roƙa? Na ce, "Ya Uba, ka sa in same shi a ƙirji, kada ya tashi." Na buɗe baki in rufe da sunan Yesu kamar yadda muka saba, sai sunan ya ƙi fitowa. Na sake gwadawa, harshena ya yi nauyi kamar dutse. Shekara talatin ina kiran sunan nan, ban taɓa jin ya maƙale mini ba sai ranar. Gumi ya rufe mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Yesu, ni ba na gani. Ka gani mini."

Iyakar addu'ar ke nan. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada in ƙara abin da bai faru ba. Na dai share idona da gefen zane, na sake dubawa. Sai na ga hannu a ƙasa, kusa da gindin dirkar da ke riƙe darnin. Hannun mace ne, da lalle, da awarwaro. Ya damƙi dirkar nan har jijiyoyi sun tashi, ya daɗe a haka, sannan ya saki a hankali. Ba a jima ba ya sake damƙa.

Na haifi bakwai. Na san wannan damƙar.

Na ɗaga murya na ce, "Wane ne nan?"

Darnin ya buɗe, mutumin ya leƙo, ya ga bakin bindiga yana kallonsa. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Inna! Don Allah ki aje abin ga. Malama mai karɓar biki nika nema."

Ashe Nomau ne, biki kuwa haihuwa ce a bakinsu. A bayansa ga jaki, ga matarsa Hajo, yarinya ƙarama, a durƙushe, ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Ko nishi ba ta yi.

Na ƙwala wa Hannatu kira. Muka ɗauko Hajo mu biyu muka kai ɗakina. Kwananta biyu tana naƙuda, ungozomar ƙauyensu ta ce abin ya fi ƙarfinta. Tun asuba Nomau ya ɗora ta a jaki, suka biyo bakin magudanar ruwan dam, don hanyar mota a tare take. A asibiti mai gadi ya ce masa yau ba a fito ba, amma ya nemi gidan mai tuƙin katafila, matarsa ce mai aikin.

Hannatu ta kore ni waje in dafa ruwa. Na tarar da Nomau a tsugune a gindin rumbu. Na hau shi da faɗa, don tsoro in ya sake ni faɗa yake komawa.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka da baki? Me ya hana ka ce matarka na naƙuda?"

Ya sunkuyar da kai. "Haba Inna. In tsaya bisa hanya in hwaɗi haka da bakina? Haihuwar hwari ce."

"Ita kuma ba ta iya kuka?"

"Ɗiyar mutane ce, Inna. Ba ta yi."

Kun ji! Kunya ta rufe masa baki, kunya ta rufe mata, ni kuma tsoro ya toshe mini kunne. Ni da na san wannan al'ada tun ina yarinya, ni da na haifi ɗana na fari ban yi ko tari ba, ban kawo ta a raina ba.

Ya dubi bindigar da na jingine, ya ce in ba shi ya kwance ɗanin, don akwai yarinya a gida. Ashe shi ma yana taɓa farauta. Ya kwance. Sannan ya zare ƙarfen ɗuri ya zura a bakinta, don maharba da shi suke gane yawan abin da ke ciki: in ɗuri ɗaya ne, ƙarfen yakan leƙo kamar faɗin yatsa huɗu. Ya jera yatsunsa a jikin abin da ya leƙo, hannu ɗaya bai isa ba, ya ƙara ɗayan. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa yaɗ ɗura ta?"

Na ce, "Ni."

"Yatsa tara, Inna. Ɗuri biyu na ciki. Da kin taɓa kunamar ga, ba ni ka mutuwa ba. Ke ta."

Ya ce tsohon ƙarfe irin wannan ba ya ɗaukar ɗuri biyu, tarwatsewa zai yi a fuskar mai harbi. Na rantse masa sau ɗaya na zuba. Na zauna a ƙasa.

Ana kiran magariba Baban Lami ya shigo ta wannan ɓarakar ta darni, a ƙafa, duk ƙura. Ya ga baƙo, ya ga jaki, ya ga bindiga. Na ce masa, "Zo nan. Ka taɓa bindigar ubanka?"

Ya ce, "Inna, ranar da kuka tafi taron mata na ɗura ta. Ban so ki san ina jin tsoro ba."

Ya Ubangiji! Gida ɗaya, tukunya ɗaya, kullum da safe muna addu'a tare, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa tsoronsa, kowa ya je a ɓoye ya zuba nasa a cikin ƙarfe ɗaya. Muna nan a tsaye sai muka ji kukan jaririya daga ɗakina. Nomau ya juya mana baya, ya kama gyaran igiyar jakinsa, wai shi bai ji ba.

Halleluya! Ku taya ni gode wa Yesu. Ya ceci Nomau daga hannuna, ya cece ni daga hannun kaina, ya ceci Hajo da ɗiyarta. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoro ya tafi gaba ɗaya ba. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi gabana yana faɗuwa, kuma ban ce kowa ya kwana da ƙofa a buɗe ba. Amma ina roƙonku, in tsoro ya kama ku, ku faɗe shi. Ku faɗa wa Ubangiji, ku faɗa wa na gida. In kuwa kun yi wata addu'a kuka ji sunan Yesu ya ƙi zama a ƙarshenta, ku janye hannu daga abin da kuke shirin yi. Ku dogara gare shi, yana ganin abin da ke bayan darni.

Washegari da sassafe na kai bindigar bakin rijiya. Na kafa ta a tsaye, na ɗura mata ruwa guga guda, na bari ya jiƙa, na kifa, baƙin ruwa ya fito. Na yi haka sau uku, sannan na miƙa wa Baban Lami na ce ya kai wa maƙeri ya sare ta biyu. Daga nan na hura wuta, na ɗora babbar tukunya, na karyo ganyen darbejiya. Uwar Hajo tana can Birnin Tudu, hanya ba ta buɗe ba, kuma mai jego ba ta jiran hanya. Na leƙa ɗaki na ce, "Taso, 'yata, ruwa ya tafasa." Ni na yi mata wankan farko.