Gadar Tan Goma

A tashar Keffi, wata matashiyar uwa da wani dattijo direban katako suna kan benci, babu motar ƙauyensu da ke bayan Agwada tun jiya.

"Baba, wai gadar dajin nan ce ta tsage."

"Haba! Jiya na haye ta da tan ashirin."

"Ashirin? Ba goma aka rubuta a allon ba?"

"Goma na mai rarrafe ne, 'yata. In ka taka wuta, kafin gada ta ji nauyi ka wuce. Na dai ji ƙara a bayana, ban tsaya ba."

"Innalillahi! Ashe kai ne? Jaririyata tana ƙetare, Baba. Tun jiya ba ta sha nono ba."